Akwatin da Ya Ɗau Zafi Ranar Juma'a

Ana saukowa daga masallacin Juma'a, Insifekta Ƙasimu ko hularsa bai cire ba, sai ga Kofur Japheth ya tarye shi a ƙofar caji ofis yana haki.

"Oga, an kwashe takin ƙungiyar manoma. Sito wayam!"

"Yaushe?"

"Yanzun nan, kuna salla. Kuma mutane sun cika ƙofar ofishin ƙungiyar, wai sun gano infoma."

Insifekta ya tsaya cak. Ba satar ce ta faɗar masa da gaba ba, kalmar ce. A Birnin Gwari, idan aka nuna mutum aka ce shi ke kai wa 'yan bindigar daji rahoto, ba a jiran alƙali. Ya taɓa isa irin wannan wurin a makare, kuma har yau abin bai bar ransa ba.

"Wa suka ce?"

"Zakiyya, yarinyar da ke kula musu da intanet da kyamarori."

"Ɗauko mota."

"Babu mai, Oga."

"To ɗauko babur mana, kai ma dai!"

Damina ce, masara ta kai gwiwa, daidai lokacin da take neman taki. Garin ya yi tsit da zufa, hadari ya taru a gabas amma ko ganye ba ya motsi. Tun daga nesa suka jiyo hayaniya. Manoma ne cike da ƙofar ofishin, har da waɗanda suka zo salla daga Kuyello, wasu da sanduna, wasu da duwatsu a hannu. A jikin ƙyauren wata dattijuwa ce ta baje hannuwa, ƙafarta ko takalmi babu.

"Ni ce uwarta, Furera," ta ce da Insifekta. "Sai dai su fara da ni."

"Ba wanda za a fara da shi, Inna. Matsa gefe kaɗan."

Ya juya ga taron ya ɗaga murya. "Wanda ya jefa dutse, da shi zan fara bincike. Ku ba ni zuwa la'asar."

Aka yi gunaguni, amma ba wanda ya yar da dutsensa. Insifekta ya tura Kofur sito, can bakin gari, ya ce ya duba kwaɗo ya kuma taho da mai gadi. Shi kuma ya shige ciki.

A ofis ya tarar da mutum uku. Alhaji Abdulfattah, shugaban ƙungiya, yana ta safa da marwa yana fifita da hula. Bilyaminu, ma'ajin sito, yana zaune ya harɗe ƙafa, carbi a hannu. Can kusurwa kuwa Zakiyya ce a kan benci, ta dunƙule hannuwa cikin hijabi, idanunta sun yi ja.

"Alhaji, me ya faru?"

"Yallaɓai, mun sa kyamarori a sito don irin wannan ranar. Hoton yana zuwa nan, yana ajiye kansa. Yau muka zo mu duba, babu komai! Tun kafin huɗuba hoto ya tsaya."

"Wa ke ofis lokacin?"

"Ita kaɗai," in ji Bilyaminu, ya nuna ta da haɓa. "Maza duk muna masallaci. Kuma mabuɗin sito na ajiya yana cikin durowar teburin nan."

"Kai ina kake?"

"Sahun gaba, bayan liman. A tambayi kowa."

"Na gan shi," Alhaji ya ce.

Insifekta ma ya gan shi. Abin da ya dame shi shi ne saurin amsar, tun kafin ya rufe baki.

Wata ƙara ce ke ta cika masa kunne tun da ya shigo, kamar ta injin niƙa daga nesa. Ya bi ta da ido har kan wani baƙin akwati da ke maƙale a bango, wayoyi sun fito daga bayansa. Ya ɗora hannu a kai, ya janye da sauri.

"Kai! Wannan ai sai a soya ƙwai. Mene ne shi?"

"Rauta ce, Yallaɓai," Zakiyya ta ce a hankali. "Ita ce mai gadin ƙofar intanet ɗinmu. Duk abin da zai shigo ko ya fita sai ta tantance shi, har hoton kyamarori."

"Ita ta lalata shi," Bilyaminu ya katse ta. "Shi ya sa muka ƙwace kwamfutarta, kada ta goge shaida."

"Ku mayar mata."

"Yallaɓai..."

"Malam Bilyaminu, ni ne Insifekta ko kai?"

Alhaji ya buɗe kabad ya fito da kwamfutar. Zakiyya ta jona ta da akwatin, ta buga lambar sirri. Ta juyo da fuskar kwamfutar wajen Insifekta.

"Ka ga wannan? Ƙwaƙwalwar akwatin ce. Kullum ko rubu'in ƙarfinta ba ta ci. Yau ɗari bisa ɗari. Idan ta cika haka, komai ya zo sai ta zubar."

"Me ya cika ta?"

"Na idar da azahar na ga hoto ya tsaya. Na kashe na kunna, ya dawo haka. Na zaci zafi ne, na juya mata fanka, a banza. Sai na buɗe na duba wace manhaja ce ke cinye ƙarfin. Ga ta nan a sama, manhajar rabon lodi. Ina cikin dubawa aka banko ƙofa."

"Yi min Hausa, Malama. Ni ɗan sanda ne."

"Hanyar intanet biyu muke da ita. Ɗaya ta farantin tauraron ɗan'adam da ke kan rufi, ɗaya ta eriyar da ke kan dogon ƙarfe a bayan katanga. Manhajar kamar ɗan kamasho take a tasha, tana raba fasinja tsakanin mota biyu. Idan mota ɗaya ta mutu, sai ta kwashe kowa ta zuba a ɗayar, shi ke nan, ba matsala."

"To ina matsalar?"

"Idan motar ta mutu ta tashi, ta mutu ta tashi. A sauke fasinja, a mayar, a sake saukewa. Ɗan kamasho ya haukace, kuma ba motar da za ta bar tasha."

Ta nuna wata 'yar fitila a jikin akwatin. Kore ce, sai ta koma ja, sai ta sake komawa kore. Ta ɗan daɗe a koren, har ƙarar fankar ta fara lafawa, sai kuma ja.

"Ta wace hanya ce wannan?"

"Ta eriya. Ka ba ni izini in zare wayarta?"

"Zare."

Ta zare. Suna kallo lambar ta fara gangarowa, ƙarar ta yi ƙasa, can sai ga hoton sito ya bayyana a talabijin ɗin bango: ƙofa a wangale, Kofur Japheth yana tsugune yana duban ƙasa. Alhaji ya yi salati.

"Mayar," in ji Insifekta.

Ta mayar. Ba a jima ba fitilar ta koma wasanta, lambar ta haye sama, hoton ya daskare.

"Ka gani ko, Yallaɓai?" Bilyaminu ya miƙe. "Ta san yadda ake kashewa, ta san yadda ake kunnawa!"

Insifekta bai ko kalle shi ba. "Malama, ya taɓa yin haka?"

"Sau ɗaya, farkon damina, ranar da aka yi iska mai ƙarfi. Ƙarfen ya riƙa lilo, eriya tana kauce wa saitinta. Washegari aka ɗaure wayoyinsa tamau. Shi ya sa yau ban kawo shi a raina ba, tunda babu iska."

"Wa ya ɗaure?"

"Ni na hau. Malam Bilyaminu ya riƙe min tsani."

"Taimako na yi," Bilyaminu ya ce, ya koma ya zauna.

A waje hayaniya ta ƙaru. Wani abu ya daki kwanon rufi, ƙau! Zakiyya ta zabura. Insifekta ya dubi agogo, ya ji zufa tana bin bayansa. Jama'ar nan ba za su kai la'asar ba.

Kofur ya shigo ta ƙofar baya tare da wani dogon dattijo.

"Oga, ba a fasa kwaɗo ba, buɗe shi aka yi. Akwai sawun babbar mota, ta yi hanyar Tabanni. Ga mai gadi, Baba Bakoji."

Bakoji Bafulatani ne, makiyayi ne a da, kafin ɓarayin daji su raba shi da garkensa. Ya durƙusa ya gaida Insifekta.

"Baba, kana ina aka kwashe taki?"

"Ina wurin, ranka ya daɗe. Ban ga kowa ba."

"Babbar mota ta zo ta yi lodi, kana wurin, ba ka gani ba?"

"Wataƙila na zagaya."

Insifekta ya dube shi sama da ƙasa. Farar riga ce fes, ga kwalli a ido, ga buzu a naɗe a hammata.

"Haba Baba. Da wannan kwalliyar ake gadin taki?"

Tsohon ya sunkuyar da kai. "Na je masallaci. An ce min in tafi, kyamara tana gani."

"Wa ya ce?"

Bakoji ya kafa ido a kan siminti kamar an rubuta masa amsa a wurin. Insifekta ya gane tsoro ne, kuma ya gane wanda ake tsoron yana cikin ɗakin. Bai matsa ba.

"Taso mu je bayan katanga. Kofur, tsaya a taga. Duk sanda fitilar can ta canja, ka faɗa da ƙarfi."

Bayan ofishin fili ne da ciyawa, inda masu zuwa gari kan ɗaure dabbobinsu. Dogon ƙarfen yana tsakiya, eriya a ƙololuwarsa, wayoyi uku sun riƙe shi da ƙasa. A jikin ɗaya daga cikin wayoyin an ɗaure wani ƙaton farin rago mai murɗaɗɗun ƙahoni. Insifekta ya kusa wuce shi, don wa ke kallon rago a garin nan?

Ragon ya miƙa wuya, ya yunƙura gaba iya ƙarfinsa. Igiya ta miƙe, waya ta ja, ƙarfen ya ɗan rusuna.

"Ja!" Kofur ya ƙwala daga taga.

Ragon ya gaji ya ja baya.

"Kore!"

Ya sake yunƙurawa.

"Ja, Oga!"

Insifekta ya kama ragon ta ƙaho ya riƙe shi gam, yana turjewa.

"Yanzu fa?"

"Kore. Kore har yanzu. Oga, hoto ya dawo!"

Sai a lokacin ya lura da abin da ragon ke nema. Wani daro ne cike da jiƙaƙƙiyar dusa, an ajiye shi daidai inda bakin ragon zai kusa kaiwa amma ba zai kai ba. Ƙasar wurin duk ta tone da kofato. Ya taɓa wayar da ke ɗaya gefen, ya ji ta sakwaf, an kwance mata noti.

"Amma wannan an yi mugu," ya ce a ransa. Mutum yana sahun gaba yana salla, dabba tana yi masa aiki.

"Baba Bakoji, kai ka san dabba. Me ka gani?"

Nan fa bakin tsohon ya buɗe. Ya tsuguna ya ɗaga ƙafar ragon.

"Dubi kofatonsa, ranka ya daɗe, ya yi zaƙo-zaƙo har ya lanƙwashe. Wannan ba ya zuwa kiwo. Ragon turke ne, a cikin gida ake ciyar da shi, shi ya sa ba wanda ya san shi." Ya kai hannu ga igiyar, ya yi tsaki. "Kuma wanda ya yi wannan ƙullin bai taɓa bin dabba ba. Mu ƙullinmu da ja ɗaya yake kwancewa, don ko wuta ta tashi. Wannan naɗi ne aka yi aka soke bakin a ƙasa. Haka ake ɗaure bakin buhu."

Ya faɗi haka, sai ya waiwayi ofis da sauri, kamar yanzu ya ji abin da ya fito daga bakinsa.

"Na gode, Baba. Kwance min shi."

Da Insifekta ya ɓullo gaban ofis yana jan rago, hayaniyar ta tsaya don mamaki. Ya sa aka fito da Alhaji da Bilyaminu, aka tsayar da su cikin mutane. Zakiyya kuwa ya ce ta tsaya a bakin ƙofa bayan Kofur, uwarta ta riƙe mata hannu.

"Jama'a, ragon wa ne wannan?"

Aka dubi juna. Ba mai shi.

"Alhaji?"

"Ban san shi ba."

"Malam Bilyaminu?"

"Ni? Ban taɓa ganinsa ba. Yallaɓai, ana maganar infoma kana maganar rago?"

"Ka tabbata?"

"Wallahi ban..."

"Kada ka rantse, yau Juma'a."

Insifekta ya saki igiyar.

Ragon ya tsaya yana baza hanci. Yunwa ta ci shi, ƙishi ya dame shi. Ya yi kuka sau ɗaya, ya ratsa ta tsakanin ƙafafun mutane, ya wuce Alhaji, ya wuce masu sanduna, bai tsaya ko'ina ba sai gaban Bilyaminu. Ya goga masa kai a cinya, ya tura baki cikin aljihun rigarsa.

"Kai, tafi can!" Bilyaminu ya ture shi. Ragon ya dawo.

"Me ke aljihun, Malam?"

Kofur ya zura hannu ya fito da ɗan dunƙulen kanwa, duk gefensa ya sha lasa.

Wani tsoho daga cikin taron ya ce, "Af! Ashe shi ne ragon layyar da yake ta ba mu labari, wanda ba ya cin kanwa sai daga hannunsa."

Insifekta ya bayyana musu abin da ya gani a bayan katanga, a taƙaice, da daron dusa da notin da aka kwance da ƙullin bakin buhu. Sannan ya juya ga Bakoji.

"Baba, yanzu fa? Wa ya ce ka tafi masallaci?"

"Shi ne," tsohon ya ce, bai ɗaga kai ba.

Carbin ya suɓuce daga hannun Bilyaminu. Ya zauna daɓas a ƙasa.

"Ina takin?"

"Yana wani kango a hanyar Tabanni. Sai gobe za a wuce da shi."

"Wa ya buɗe sito?"

"Direban. Na ba shi mabuɗina da safe."

"Me ya sa ka bar ragon?"

"Na so in kwance shi ana idar da salla. Sai wani ya riga ya gano sito wayam, mutane suka taru a nan ofis, ban samu hanya ba."

"Ita kuma me ta yi maka?"

"Kafin ta kawo kyamarorin nan, ba mai ƙirga min buhu. Na ce idan aka kore ta, za a cire su."

"Kore ta?" Insifekta ya ji ransa ya ɓaci har muryarsa ta canja. "Kai ɗan garin nan ne. Ka san abin da ake yi wa wanda aka kira infoma. Wa ya fara faɗar kalmar yau?"

Bilyaminu ya sunkuyar da kai. Mutanen da ke kusa da shi ne suka amsa, da idanunsu.

Taron ya motsa, sandunan suka juya. Insifekta ya sha gabansa da sauri.

"Kul! Ɗazu kun kusa kashe marar laifi, yanzu kuma kuna neman wani? Wannan na hukuma ne. Masu babura su bi Kofur a ɗauko muku takinku, shi ya fi muku."

Ya buga wa Bilyaminu ankwa da kansa. Ɗaya bayan ɗaya aka riƙa jin duwatsu suna faɗuwa ƙasa, kowa yana yar da nasa a ɓoye kamar ba shi ya ɗauko ba. Alhaji Abdulfattah ya matso wajen Inna Furera yana murza hula.

"Inna, a yi haƙuri. Sharrin shaiɗan ne."

"Shaiɗan bai riƙe dutse ba, Alhaji. Na ga waɗanda suka riƙe, kuma duk na san iyayensu."

Aka kira la'asar. Iska ta taso daga gabas, hadarin ya fara matsowa. Bakoji ya kai ragon gindin mangwaro ya ɗaure da irin nasa ƙullin, ya tura masa daron dusa har gabansa.

Kafin ya tafi da mai laifi, Insifekta ya leƙa ofis. Zakiyya tana tsaye gaban akwatin, ta ɗora tafin hannu a kansa. Fitilar kore ce, ƙarar ta mutu.

"Ya huce?"

"Ya huce, Yallaɓai. Zan gyara manhajar, idan hanya ta faɗi ta riƙa jira ta tabbatar kafin ta mayar da lodi. Ko an sake girgiza ƙarfen ba za ta haukace ba."

"Madalla. Je ki gida ki huta."

Ta juyo ta dube shi. Hawayen da ta riƙe tun azahar sai yanzu suka zubo.

"Yallaɓai, da ya samu ya kwance ragon kafin ka zo fa?"

Insifekta Ƙasimu ya dubi ƙofar, inda duwatsu ke zube har bakin dakali. Ya cire takalmansa na masallaci ya ajiye a gaban Inna Furera, ya ce ta sa, hanya akwai tsakuwa. Sannan ya tasa Bilyaminu gaba, suka nufi caji ofis a ƙasa, yayyafi yana fara sauka.